Ƙodata Tana Maƙabartar Kaoje

Jiya a kasuwar Lolo, Kawu Bawa ya tare ni ya ce, "Kin gani ko? In kwana ya ƙare, ƙoda ba ta hanawa."

Sani yayana ne. Ni na ba shi ƙoda ɗaya, aka yi dashe lafiya. Da za a sallame mu, likita ya ja mana kunne: maganin da zai riƙa sha yana raunana garkuwar jiki, don haka wata uku ban da taro, ban da musabaha.

Mun iso gida Kaoje ranar hutun 'yancin kai, kowa yana gari. 'Yan barka suka cika zaure, har da danginmu na ƙasar Benin. Na tsaya bakin ƙofa, ɗinkina bai warke ba, ina roƙon a gaishe shi daga nesa.

Kawun nan ya ce, "Ke Hadiza, mutanen da sunka ƙetaro ruwa za ki hana ma hannu? So kike a ce muna da girman kai?"

Na ce, "Kawu, wasu tari suke yi."

Ya ce, "Yau anka fara tari?"

Na kauce. Sani ya ba kowa hannu yana murmushi. Bayan kwana tara, zazzaɓi ya kwantar da shi. A asibiti likita ya ce ƙodar lafiyarta ƙalau, huhu ne ya kamu.

Mun binne shi da ƙodata, kuma har yau ba wanda ya ce muna da girman kai. Da ku ne a bakin ƙofar nan, da kun kauce?