Assoumane Mai Duba Tudun Rairayi

Assoumane mutumin Tawa ne. Ya iso Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, ya kama ɗaki a unguwar Tayuri, ya samu aikin lodin rairayi. Motar wani Balarabe mai suna Mahmoud ce ke kai shi da sauran masu lodi gindin wani ƙaton tudu a bayan gari, su cika ta da shebur, a kai wa masu buga bulo.

Wata safiya cikin hunturu, sanyi ya tsananta har ruwan jarka ya daskare. Raɓa ta jiƙa fuskar tudun ta yi tauri kamar daɓe, suka yi ta haƙar gindinsa ba fargaba. Da rana ta ɗaga, saman ya bushe, sai tudun ya gangaro. Rairayi ya binne Assoumane har ƙirji. Abokinsa Alasan ya tono shi da hannu, amma ƙafarsa ta karye, ɗorin kuma bai kama daidai ba.

Lodi ya gagare shi. Matarsa Kadidja, mai sayar wa 'yan ci-rani shinkafa da wake, ta ce su koma gida.

"Bari sanyi ya wuce tukuna," in ji shi.

Da zaman ɗaki ya ishe shi, ya roƙi Mahmoud ya riƙa tafiya da shi, ko shayi ya dafa wa masu lodi. Yana fifita gawayi, idonsa na kan tudun, don tsoronsa bai sake shi ba. A haka ya lura cewa kafin tudu ya zubo, siririyar tsaga takan bayyana kusa da ƙoli, rairayi ya fara tsiyaya kamar gari daga hujajjen buhu. Ya koyi soka sanda: in ta fasa ɓawo mai tauri ta nutse cikin laushi, wurin ba na tsayawa ba ne.

Wata rana ya ɗingisa ya tare su. "Yau ku matsa gabas. Ban yarda da nan ba."

"Sai mun yi ta jido daga nesa fa," in ji Alasan.

Suka matsa suna gunaguni. Har suka tashi tudun bai motsa ba, aka yi ta yi masa tsiya a hanya. Shi ma ya yi dariya, ya ce ba kullum yake dacewa ba. Mahmoud dai ya ce, "Daga gobe, kada wanda ya sauke shebur sai Assoumane ya zagaya."

Wasu direbobin suka ji, su ma suka fara biyowa ta Tayuri suna ɗaukarsa. Kadidja ta bar zancen komawa, ta ƙara tukunya don masu lodi. Da suka haifi 'yarsu Asmaou, Mahmoud ya kawo buhun dabino daga garin Zighan, mutane suka cika gidan har sai da aka shimfiɗa tabarmi a titi.