Ɗorawar Maijidda Mai Daddawa

Duk wanda ya taɓa cin miyar kuka a Hunkuyi, da wuya in bai ci daddawar Maijidda ba. Shekara arba'in tana dafa kalwa, har hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya. Kalwar kuwa daga ɗorawa uku take samu, waɗanda ke tsaye a gonar gadonsu a bayan gari.

Da 'yan'uwanta maza suka tashi sayar da gonar, sai aka bi al'ada: ƙasa ta mai saye, ɗorawa ta Maijidda. An faɗi haka a gaban dattijai uku, ciki har da liman da Tanko, aka shafa fatiha. Ba wanda ya rubuta komai. Wa zai nemi takarda bayan liman ya ji da kunnensa?

Gona ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wajen Alhaji Labaran, dillalin filaye. Ranar da masu awo suka zo da turakun siminti, Maijidda ta garzaya ta tsaya a gindin ɗorawarta. Wani ma'aikaci ya lura da ita, ya ce, "Kwantar da hankalinki, Inna. Doka ta ce duk mai yanka fulotai sai ya ware wurin shan iska. Ina kuma ya fi nan inuwa?"

Maganar ta zauna mata daram. Tun daga ranar ta ɗauki kanta mai gadin filin gwamnati, ba albashi, ba sannu. Kullum da hantsi tana can da tsintsiya. Ta kori masu buga bulo, ta yi cacar baki da masu zubar da shara, har aka fara ce mata Ciyaman. Shekara huɗu tana wannan wahala, bayanta na ciwo, gidaje na matsowa.

Wata Talata ta tarar da Auwal mai injin yankan itace ya riga ya kayar da ɗorawa biyu, yana kan ta uku. Ta ja ƙafa har shagon Alhaji Labaran.

"Alhaji, ina wurin shan iskar da doka ta ce?"

"Yana nan, Inna, mu ba ma taka doka." Ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa a kan wani koren tabo can gefe. Sai da ya kwatanta mata sannan ta gane: kwazazzabon da ruwa ya zaizaye ne, inda ko akuya ba ta sauka. Wurin da ba mai saye, shi aka bar wa jama'a.

"To ɗorawata fa? Da shaidu aka bar mini."

"Kawo su."

Ta tsaya tana lissafi. Liman ya rasu. Tanko ya rasu. Na ukun yana Paki, bai ma gane 'ya'yansa.

Gajiya ce ta rufe ta, irin wadda barci ba ya maganinta. Ta koma gida.

Yanzu a kasuwa take auno kalwa, tiya-tiya, kamar baƙuwa. Auwal dai kunya ta dame shi. Bayan kwana biyu ya turo kura cike da itace har ƙofar gidanta, ya durƙusa ya ce, "Ki yafe ni, Inna, aiki aka sa ni."

Ta daɗe tana kallon itacen. Ta san kowane reshe. Amma kalwa tana cin wuta, itace kuma ya yi tsada. Ta ce ya shigar mata da shi kusa da murhu.