Gupi Masu Shuɗiyar Wutsiya

Bayan rasuwar matata yara suka watse, babban yana Abidjan, ƙaramar tana unguwar Tampouy gidan mijinta. Gidanmu na Zango ya yi mini yawa. A lokacin ne maƙwabcina, wani direba ɗan Nijar mai zuwa Lome, ya kawo mini 'yan kifaye a cikin kwalba. Gupi ake ce musu, ko ɗan yatsa ba su kai ba.

"Alhaji, ga abokan hira," in ji shi.

Na ce, "Ana cin su?"

Ya yi dariya. "Kallonsu ake yi."

A cikinsu akwai wani namiji mai wutsiya shuɗiya, irin shuɗin turkuɗin da mahaifina yake sayarwa. Amma 'ya'yansa suka fito barkatai, ja-ja, rawaya, wasu toka-toka. Na ƙudurta sai na fitar da shuɗin nan zalla.

Na sa mai gilashi ya haɗa mini akwatuna, na jera su a ɗakin da marigayiya take ɗinki. Da ɓarna na koyi cewa sai an ware matan tun suna ƙanana, don in namijin da ba ka so ya riga ka, aikin ya lalace. Waɗanda launinsu ya gauraya nakan juye su a randar tsakar gida, su ci 'ya'yan sauro. Da bazara in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, pompin da ke ba su iska ya tsaya, sai in zauna ina motsa musu ruwa da ludayi.

A ƙofar masallaci ana tsokanata, wai Alhaji ya koma kiwon abin da ba ya shiga miya. Direban nan kaɗai ke leƙowa. In ya dawo tafiya mu sha shayi, ya kara fuska da gilashi ya ce, "Da saura, Alhaji, akwai ja a gefe."

Da hanya ta ƙi daɗi, ya kwashe iyalinsa ya koma Maraɗi. Bayan tafiyarsa ne wasu sababbin 'ya'ya suka girma, mazan duka shuɗi, babu ɗigon ja. Na ɗauki bidiyo na tura masa, saƙon bai shiga ba. Na kira, aka ce lambar ba ta aiki.

Sai na tura wa 'yata. Ta kira ni tana cikin kasuwa, hayaniya ta cika wayar.

"C'est joli, Baba, sun yi kyau. Ka dai ci abinci?"

Na ce na ci. Na ajiye wayar, na barbaɗa musu nasu, na zauna ina kallonsu har aka kira azahar.