Malama Larai, Mai Zuwa Ranar da Ba Ka Nan

Kowace safiya, kafin ma'aikatan Nasarawa GRA su gama karin kumallo, Malama Larai ta riga ta shiga tsohuwar motar gidauniyar da take wa aiki, ta gaya wa direbanta Mamman unguwar da za su nufa. Gidauniyar tana tallafa wa masu sana'o'in da jama'a ke amfana da su, irin mai haɗa zawarawa ta koya musu sana'a, ko mai kwashe robobin da suka toshe kwata ya mai da su abin amfani. Malama ce ke nuna wa kwamiti wanda ya cancanta. Shekara ashirin da ɗoriya tana wannan aiki, ko hotonta ba a taɓa bugawa a jarida ba.

Masu neman tallafi sun iya shiri. Da sun ji za a zo, sai a share waje, a aro kujeru, a sayo lemo mai sanyi. Malama ba ta zuwa irin wannan rana. Sai ta bincika ta ji ranar da mai sana'ar ya yi tafiya, ran nan za a gan ta. Takan ce, "So nake in ga ko abin zai rayu in mai shi ba ya nan." Wanda bai samu ba kuwa, ba ta yarda a tura masa saƙon waya. Da ƙafarta take zuwa ta gaya masa dalili, ta sha harara, wani lokacin har da baƙar magana.

Bara gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu na nema. Ɗaya Uwani ce ta Tudun Murtala, mai haɗa sabulu tare da matan unguwa. Ɗayar kuma Najla, mai koya wa mata kurame ɗinki a Tudun Wada. Najla 'yar ƙanwar Malama ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, kuma Allah bai ba Malama wani ɗa ba. Ta gaya wa kwamiti dangantakarsu, ta roƙi a tura wani, suka ce da ita kaɗai suka yarda.

Ranar da ta je wurin Uwani, Uwani na asibiti tana jinyar mahaifiyarta. Malama ta tarar da mata suna ta dama sabulu, wata na yanka, wata na sallamar masu sari. Ranar da ta je wurin Najla, Najla ta tafi biki Kaduna. Ƙofa na garƙame da kwaɗo, mata na zaune a inuwar katanga riƙe da yadukansu, mukulli yana jakar Najla. Mamman ya ce Malama ta daɗe a mota tana kallonsu, sannan ta ce, "Mu tafi."

Aka ba Uwani. Malama ta je ta sami Najla kamar yadda ta saba yi wa kowa.

Najla ta ce, "Umma, ni ce fa."

"Na sani, 'yata. Aikinki yana da kyau, amma a jakarki yake. Ki ba matan nan mukulli."

"Kowa ya samu a hannunki, ban da marainiyar da kika rena. Shi ke nan, na gode."

Tun ranar Najla ba ta ƙara taka gidan ba, ko da salla.

Malama, ke ce kika hana zuciyarki abin da take so don matan da ba su san sunanki ba. Ke ce mai kai labari mara daɗi da kanki. Mu abokan aikinki mun ga yadda kika rame, muka yi shiru, kuma shirun yana damun mu.

A watan jiya ciwon ido ya sa ta ajiye aiki. A walimar ban kwana Uwani ta zo da matanta, ga kuma wasu da dama da Malama ta zaɓa, har da waɗanda ta hana. Duk wanda ya yi sallama sai Malama ta ɗaga kai ta kasa kunne. Kowa ya san muryar da take jira, kuma har aka watse ba ta ji ta ba.

Mamman ne ya mai da ita gida. A hanya ya ce, "Malama, jiya na bi ta Tudun Wada. An ce Najla ta yi tafiya, amma shagon a buɗe yake, kekunan ɗinki na ta aiki. Mukullin yana wuyan ɗaya daga cikin matan."

Ya ce sai ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Ashe ta ji."

Mun gode, Malama Larai. Allah ya saka miki, ya sauƙaƙa miki ciwon nan. Ku da za ku gaje ta, ku je ranar da mai abu ba ya nan, kuma ku kai amsar da ƙafarku. Ke kuma Najla, kin riga kin ba da mukulli. Ummanki ba ta gane fuska sosai yanzu, in kin je ki ɗaga murya wajen sallama.