Injin da Na Aika wa Yaya

Har yau idan bangon ɗakina a Guangzhou ya fara gumi, raina ɓaci yake. Akwai lokacin da danshi ke rufe garin nan, tayil ya riƙa tsatsafo da ruwa, riga ta yi kwanaki a igiya ba ta bushe ba. A daidai lokacin kuma, can gida a kan tudun Mambila, bazara ta gama soya ciyawa, ko guntun sigari ya faɗa mata sai wuta ta cinye tudu guda.

Baba ya rasu ya bar mana gonar zaiti, bishiyar nan da wasu ke kira turare. Da hannunsa ya dasa su ɗaya bayan ɗaya, yana hawo da ruwa daga kwari a jarka. Bayan rasuwarsa, nan Inna take zuwa kullum da la'asar, wai tsintar itace. Mun san ba itace ke kai ta ba.

Wuta kuwa a wajenmu ba baƙuwa ba ce. Makiyaya na cinna ta don sabuwar ciyawa ta tsiro, mafarauta na cinna ta don su kori nama, ba mai tsayawa tambayar wa ya fara. Kowa nasa yake karewa. Da ruwa ya ɗauke, sai Baba ya kira gayya, maƙwabta su zo da lauje da adda, a zagaye gonar a share fili mai faɗin hanyar mota, a ƙone abin da aka yanka da sanyin safiya. Layin wuta muke ce masa. In gobara ta zo ta tarar da ƙasa tsirara, sai ta juya. Ladan aikin tuwo ne da godiya.

Shekarar da nake ba da labari, yayana, wanda gonar ke hannunsa, ya kira ni.

"Kai kana zaune a garin injuna, mu kuma muna nan da lauje kamar zamanin kakanni? Ka aiko mana injin yankan ciyawa."

Ni kayan sawa nake saye a kasuwar Shisanhang, ban san kan inji ba. Haka na bar harkata na shiga kasuwa ina nuna hoto a waya, wannan ya ce "meyo", wato babu, wancan ya ce "meyo", har na samu. Na kai filin jirgin sama na Baiyun aka sa a jirgi, don kada jirgin ruwa ya ɓata lokaci. Wani mutumin Maradi da muke ofis ɗaya a benen Tianxiu har tsiya ya yi mini, wai Alhaji ya koma noma daga hawa na sama.

Inji ya isa tun damina ba ta ƙare ba. Yaya ya rataya shi a kafaɗa bisa babbar riga, aka ɗauke shi hoto, ya turo mini. Sannan ya aika wa maƙwabta cewa bana ba gayya, an huta.

Daga nan kullum da magana. Yau fetur ya yi tsada, gobe mai haɗa injin ya yi tafiya. Da na ga ciyawa ta fara ja a hotunan gida, na ce masa, "Yaya, don Allah ka kira gayyar nan kawai."

"A yi mana dariya? A ce muna da inji a falo muna roƙon masu lauje? Kai yaro ne."

Yaron da ke da furfura a gemu. Na bar maganar saboda girmansa, shi kuma ya ɗauka ya ci gardama.

Ranar da abin ya faru, mun idar da magariba ke nan a ofis, ana goge ruwan da ya kwanta a tayil, sai ga kiran Inna. Can rana tsaka ce. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ta shiga," ina jin ƙarar wuta a bayanta kamar ana fasa gugguru. Ganyen zaiti mai ne da shi, in ya kama ba ya jin magana. Mutanen nan da Yaya ya sallama su ne suka fito da ɗanyen ganye suna dukan wuta, har wani ya ƙone a hannu. Ni kuma ina tsaye a garin da bango ma ruwa yake zubarwa, ba abin da zan iya sai riƙe waya.

Mutumin Maradi ya dafa ni ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji, ƙaddara ce."

Na ce, "Na yarda da ƙaddara. Amma wannan uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita."

Washegari Inna ta gaya mini ba bishiyar da ta tsira. Ta ce ta je da buta ta zuba wa kututturen da ke bakin hanya ruwa, wanda Baba ya fara dasawa, ko Allah zai sa ya toho. Tsohuwar da ke fama da gwiwa, ta hau tudu cikin toka da butar alwala. Nan ne hawaye ya zo mini, na haushi zalla.

Ban gama sharewa ba Yaya ya karɓi wayar.

"Ka ji abin da ya same mu ko? To, mu dai gode wa Allah. Injin yana nan lafiya lau, ko ledarsa ban cire ba."