Layin da Na Riƙe Mata

'Yata ta ƙarshe sikila gare ta. Ciwon ne ya tafi da yayyenta biyu, ita ta daure har jami'a. Ni ban yi boko ba. Masaƙa na yi wa aiki har aka rufe ta, na koma tura ruwa a Unguwar Mu'azu.

A shekararta ta ƙarshe ba ta da zance sai na wata na'ura, wai kwantum. Ta ce tana can ƙasar waje cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara, kuma daga ɗakinmu ma ana iya tura mata lissafi ta intanet. Na'urar ba ta tsayawa kan amsa ɗaya, sai an yi ta tambayarta a duba inda amsoshin suka rinjaya. Na ce ashe 'yar siyasa ce. Ta yi dariya har ta dafe ƙirji.

Na'urorin kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka layi ake bi. Ranar da ta tura aikinta na kammala karatu ciwon ya tashi. A asibiti, ana mata ƙarin ruwa, ta sa na buɗe kwamfutarta. Ta nuna mini wata lamba, ta ce yawan waɗanda ke gabanta ke nan, kuma tana so ta ga amsar da idonta. Aka yi mata allura, barci ya ɗauke ta.

Layi kam na san shi. Na bi na kuɗin sallama, kullum ina bin na famfo. Duk wanda ya ɗauke jarkarsa ya rasa gurbinsa. Babu wuta a ɗakin, cajin kwamfutar ya yi ƙasa. Na ɗauke ta a buɗe kamar faranti, na shiga keke zuwa shagon wani mai caji da janareta.

Ya ce, “Baba, tallanta kake yi? Rufe ta mana.”

Na ce ya taɓa ta ya gani. Tun azahar nake zaune har bayan la'asar, ina kallon lambar tana raguwa. In fuskar kwamfutar ta yi duhu sai in taɓa ta, ta farka.

Da na koma an riga an ja mata zane. Ma'aikaciyar jinya ta ce kafin ta cika ta buɗe ido, ta tambayi inda nake.

Ranar sadakar uku wata 'yar ajinsu ta zo gaisuwa. Na miƙa mata kwamfutar, na ce har yanzu a kunne take, gurbin bai tafi ba. 

Ta ce, “Baba, ko an kashe ta layin ba ya ɓacewa. A can wurinsu yake.”

Na ce ta duba ko amsar ta zo. Ashe amsar ta zo, tun magaribar ranar da ta rasu. Ta juyo mini da fuskar: waɗansu sanduna a jere, biyu dogaye, sauran gajeru. Ta ce aikin ya yi daidai. Ni na gani, ni da ban san abin da nake kallo ba.