Ragowar Ruwa a Kwano

Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci a Isa, bayan 'yan bindiga sun taso mu daga Gatawa. A can na fara ganin taswira. Malama ta ɗora yatsa a Sabon Birni, ta ja shi arewa, ya wuce Maraɗi, ya kai Agadas da duwatsun Azbin. Gabas da duwatsun sai takarda ta zama fili fetal, ba gari ba gulbi. Ta ce Tenere ke nan, da harshen Buzaye ma'anarsa inda babu komai. Na ce a raina, in masu kwana cikin rairayi suka ce wuri babu komai, to babu ɗin ne.

Ana nan sai ga wani mai farar shadda yana bi gida-gida, wai yana kai mata aikatau Libiya. Ɗiyata ta fari, wadda aka kashe wa miji, har ta ɗaure kaya. Na ce a kira min shi zaure.

"Inna, sau tara ina bin hanyar nan," in ji shi.

"Ta Tenere?"

"Ta nan ɗin. Suna ne kawai."

Na sa aka kawo mishi ruwa a kwano. Ubana mai masaukin Buzaye ne, masu kawo gishirin Bilma su koma da gero. Na tashi ina kallon shansu: su kurɓa, su dakata, ragowar su mayar cikin salka. Ko a bakin gulbi ba su ɓarar da ɗigo.

Mutumin ya sha rabi, ya kurkure baki, ya watsa sauran a ƙasa don kwantar da ƙura.

"Malam, kai ba ka taɓa wuce Agadas ba. Wa za ka miƙa wa ɗiyata a can?"

"Haba Inna, don ruwa?"

"Don ruwa. Tashi ka ba ni wuri."

Ɗiyata ta fito tana huci. "Inna, jiya kin koyi baƙi, yau kin zama mai duba? Mi za mu ci a nan?"

Na kwance ƙunshinta da hannuna na zauna a kai.

Mata uku na unguwarmu sun bi shi. Har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Wataƙila lafiya suke, Allah masani. Tawa tana bakin tasha tana tuyar ƙosai, in na gifta ta harare ni. Ta yi ta harara, ina dai ganin idon.